Idan Allah ya riga ya sani, laifin na wane ne?

A daren da aka kama Yesu, ya faɗi abubuwa biyu tun kafin su auku. Ya gaya wa almajirinsa Bitrus cewa kafin zakara ya yi cara zai yi musun saninsa har sau uku. Ya kuma ce ɗaya daga cikin masu cin abinci tare da shi ne zai bashe shi. Luka 22:22 ya haɗa maganar cikin numfashi guda: Ɗan Mutum zai tafi kamar yadda aka ƙaddara, amma kaiton mutumin da zai bashe shi. Farkon ayar na cewa al'amarin ya riga ya tabbata, ƙarshenta kuma na ɗora wa Yahuza, almajirin da ya bashe shi, alhaki kacokan. Luka bai tsaya ya sasanta su ba, bai ma nuna yana ganin akwai abin sasantawa ba. Masana tauhidin Kirista kuwa sun shafe kusan shekara 1,800 suna fama da abin da ke tsakanin farkon ayar nan da ƙarshenta.

Ga matsalar tsirararta. Allah ba ya kuskure. In tun jiya ya san gobe zan yi ƙarya, wannan sanin ya riga ya shiga cikin abin da ya wuce, kuma ba mai iko a kan jiya. Kafin in ƙi yin ƙaryar nan, sai dai in mai da sanin Allah kuskure, ko in koma baya in canza abin da ya sani, ko kuwa ya zamana tun asali babu mai sanin. Ba wanda zan iya a ciki. Ke nan ba ni da ikon barin ƙaryar. To wanda ba shi da ikon bari, da wane dalili za a hukunta shi don ya yi? Wani masanin falsafa Ba'amurke, Nelson Pike, ya tsara hujjar kusan a wannan siga a 1965, amma tsohuwa ce tukuf. Tun kafin haihuwar Almasihu, Sisero na Roma ya ga ƙullin, sai ya yanke shi da wuƙa, ya ce babu sanin abin da zai zo. Agustin, wani babban malamin ikkilisiya, ya mayar masa da martani bayan ƙarni huɗu da wani abu, yana cewa garin neman 'yanta mutane ya mai da su masu saɓon Allah.

Wanda ya yi karatun Musulunci zai ji zancen ba baƙo ba ne, domin Jabariyya da Ƙadariyya da Mu'utazila da Ash'ariyya sun sha irin wannan gumurzu a kan ƙaddara. Sai dai a wajen Kirista an ƙara wa miyar gishiri biyu, wato koyarwar zunubin da aka gada daga Adamu da koyarwar ceto ta wurin alheri. Saboda haka tambayoyi uku ne ke harɗe da juna, kuma yawancin musun da ake yi a kan batun daga cakuɗa su yake tasowa. Akwai tambayar sani: shin sanin Allah kaɗai ya isa ya ɗaure hannun mutum? Akwai tambayar ƙaddarawa: shin Allah gani kawai yake yi, ko shi ne ya tsara? Sannan akwai tambayar alhaki: a kan me ake kama mutum da laifi?

Amsar da ta fi daɗewa, wadda kuma ta fi yawo a bakin mutane, ita ce sani daban, haddasawa daban. Orijen na Iskandariya ya faɗe ta a ƙarni na 3: abu ba ya faruwa don Allah ya san shi, Allah ya san shi ne don zai faru. Agustin, bishof na Hippo a gaɓar Aljeriya ta yau, wanda ya rayu daga 354 zuwa 430, ya ƙara mata ƙarfi da misalin tunawa. Kana tuna abin da ka yi bara, amma tunawarka ba ita ta sa ka yi shi ba. Haka Allah ya san abin da za ka yi baɗi ba tare da saninsa ya tura ka ba. Ya kuma ce abin da Allah ya riga ya sani ya haɗa da cewa da son ranka za ka yi, don haka saninsa tabbatar da zaɓinka yake yi. Yahaya na Dimashƙu, wanda ikkilisiyoyin Otodoks ke dogara da shi ƙwarai, ya taƙaita haka a ƙarni na 8: Allah ya riga ya san kome, amma ba kome ya ƙaddara ba.

Wannan amsa gaskiya ce, amma a ganina ta yi araha da yawa. Masu wa'azi kan kawo misalin uwa da ta san ɗanta ba zai ƙi zuwa wasa ba in abokansa suka kira shi, su ce ai saninta bai tilasta shi ba. Haka ne. To amma uwar tana iya yin kuskure, kuma yiwuwar kuskurenta ita ce ƙofar da 'yancin yaron ke fita ta ciki. In ka toshe ƙofar ka ce ba ta taɓa kuskure, misalin ya mutu. Jonatan Edwards, mai wa'azin nan na Amurka, ya danna yatsa a daidai wannan wuri a 1754. Ya yarda sani ba ya haddasa kome, amma ya ce sanin da ba ya kuskure shaida ce cewa abin ya riga ya tabbata, ko ma mene ne ya tabbatar da shi. Hujjar da muka fara da ita ba ta taɓa cewa sanin Allah na tura mutum ba. Cewa ta yi babu hanya ta biyu.

Wanda ya ɗauki wannan ƙalubale da gaske, tun da daɗewa kafin Edwards, shi ne Boetiyus, babban jami'i a fadar Sarki Tiyodorik a Italiya, wanda aka tuhuma da cin amanar ƙasa, ya rubuta tunaninsa a kurkuku yana jiran kisa wajen shekara ta 524. Ya ce kuskuren yana cikin zaton Allah na zaune a jiya yana hango gobe. Allah ba ya cikin lokaci sam. Rayuwarsa duka a hannunsa take gaba ɗaya, babu wadda ta wuce, babu wadda ake jira. Abin da muke kira jiya da yau da gobe duk a gabansa suke kamar yanzu. In ka ga mutum yana tafiya, lalle yana tafiyar muddin kana ganinsa, amma ganinka bai hana tafiyar zama ta son ransa ba. Boetiyus ya bambanta wannan irin tilas, mai rataye da sharaɗi, da tilas ɗin fitowar rana wadda ba ta da zaɓi. Toma Akwinas, a ƙarni na 13, ya karɓi wannan ya ba shi hoto: matafiyi a kan hanya ba ya ganin na bayansa, amma wanda ke kan tudu yana ganin ayarin duka a kallo ɗaya.

Amsa ce mai kyau, kuma ita ce har yau ginshiƙin koyarwar Katolika a kan batun. Sai dai tsugune ba ta ƙare ba. Annabci yana sauko da sanin nan cikin lokaci. Ko da Allah yana waje da agogo, maganar da Yesu ya yi wa Bitrus ta shiga kunnen mutane da dare, kafin carar zakara. Daga wannan lokaci ta zama abin da ya wuce, kuma ba za ta zama ƙarya ba. Wiliyam na Okam, wani malamin Ingila a ƙarni na 14, ya nemi wata mafita. Ya ce ba duk maganar da ta shafi jiya ce ta daskare ba. Cewa an haifi wane shekara 30 kafin rasuwarsa magana ce a kan ranar haihuwarsa, amma gaskiyarta na jiran ranar mutuwarsa. Sanin Allah game da gobe, in ji shi, irin wannan ne: da za ka zaɓi wani abu daban, da shi Allah ya sani tun fil'azal. Masu suka na cewa wannan dabarar harshe ce kawai, domin zakara da sau uku kalmomi ne da aka riga aka furta.

Amma ba a nan gizo ke saƙar ba. Duk waɗannan misalai, da mai tunawa da mai kallo daga tudu, sun ɗauki Allah a matsayin ɗan kallo. Mutumin kan tudu ba shi ya halicci matafiya ba, ba shi ya shimfiɗa hanyar ba, ba shi ke riƙe da numfashinsu ba. Allahn Littafi Mai Tsarki kuwa shi ne Mahalicci. Ya san abin da Yahuza zai yi, ya kuma halicce shi. Ko da an warware tambayar sani sarai, wannan na nan daram. Shi ya sa manyan rigingimun tarihin ikkilisiya ba a kan sani aka yi su ba, kusan kowa ya yarda da shi. A kan ƙaddarawa da alheri aka yi su.

Na farko shi ne na Agustin da Felagiyus, wani malami daga Birtaniya da ya ga lalacewar ɗabi'a a Roma ya ce uzuri ya yi yawa. A ganinsa, in Allah ya umarta, to mutum na iyawa, in ba haka ba umarnin zalunci ne. Agustin ya ce tun faɗuwar Adamu nufin mutum ya karkace. Yana zaɓa da son ransa, amma son ran nasa ne ya kamu da ciwo, ba kuma zai juyo ga Allah ba sai alheri ya riga shi. Majalisar Kartaj ta yi tir da koyarwar Felagiyus a 418. Sai dai ikkilisiya ba ta haɗiye duk abin da Agustin ya faɗa a ƙarshen rayuwarsa ba. Majalisar Oranj ta 529 ta tabbatar cewa alheri ne ke fara aiki, sannan ta la'anci duk mai cewa Allah ya ƙaddara wani ga mugunta. Wani ɗan zuhudu Bajamushe, Gotshalk, da ya koyar a ƙarni na 9 cewa an ƙaddara wasu ga rai wasu ga hallaka, bulala ya sha, ya kuma ƙare rayuwarsa a tsare.

Zamanin gyaran ikkilisiya ya sake tono maganar. Irasmus, wani masani ɗan Holan, ya rubuta kāriyar 'yancin zaɓi a 1524, Martin Luta ya mayar masa da zazzafar amsa a 1525, inda ya kwatanta nufin mutum da dabbar hawa: ko Allah ya hau, ko Shaiɗan ya hau, dabbar ba ta zaɓen mahayi. Jon Kalbin a Janeba ya ƙi yarda a raba sani da ƙaddarawa. A wurinsa Allah ya san abin da zai faru ne domin shi ya zartar da shi, kuma shi kansa Kalbin ya amsa cewa hukuncin hallakar wasu abin firgita ne. Majalisar Tirent ta Katolika ta mai da martani a 1547, ta la'anci mai cewa cin amanar da Yahuza ya yi aikin Allah ne daidai da kiran Bulus. Mabiyan Luta ma sun sassauto. A yarjejeniyar koyarwarsu ta 1577 sun ce sanin Allah ya mamaye nagari da mugu ba tare da ya zama sanadin mugunta ba, zaɓen da Allah ke yi wa mutane kuwa na ceto ne kaɗai.

A Holan abin har ya kai ga jini. Yakubu Arminiyus, malamin tauhidi a Laiden, ya koyar cewa Allah ya zaɓi waɗanda ya riga ya san za su ba da gaskiya, kuma mutum na iya ƙin alheri. Ya rasu a 1609, almajiransa suka miƙa takardar koke mai batutuwa biyar a 1610. Majalisar Dort, wadda ta zauna daga 1618 zuwa 1619, ta yi watsi da su, aka tuɓe fastoci wajen 200, kuma da yake siyasa ta shiga ciki, an fille kan dattijon ƙasa Oldenbarnevelt da ke mara musu baya. Bayan fiye da ƙarni guda rigimar ta raba abokai biyu masu wa'azi a Ingila, Jon Wesli da Joj Witfild, lokacin da Wesli ya yi wa'azi a kan alheri kyauta a 1739. Su dai sun shirya daga baya, har Wesli ne ya yi wa'azin tunawa da Witfild a 1770.

Yana da kyau a yi wa 'yan Kalbin adalci, don an fi yi musu ƙage. Ba sa cewa mutum gunki ne. Bayanin bangaskiya na Westminsta na 1646 ya ce Allah ya ƙaddara duk abin da ke faruwa, amma ta yadda bai zama mafarin zunubi ba, ba a kuma yi wa nufin halitta fin ƙarfi ba. Majalisar Dort da kanta ta ƙi yarda a ce Allah ne sanadin rashin bangaskiya kamar yadda yake sanadin bangaskiya. Abin da suka yi shi ne sun ba 'yanci wata ma'ana. A wurinsu mai 'yanci shi ne wanda ya yi abin da yake so ba tare da an murɗe masa hannu ba. Yahuza ya so kuɗin, ya je wurin manyan firistoci da ƙafarsa, ya karɓi azurfa 30. Ba wanda ya ja shi. Suna kuma da hujja mai nauyi: Allah ba ya iya ƙarya, amma ba wanda ya ce gaskiyarsa ba abin yabo ba ce. Tsarkaka a sama ba za su ƙara yin zunubi ba, amma ba a ce sun zama bayi ba. Ashe ikon yin akasin abu ba shi ne dukan 'yanci ba. Harry Frankfurt ya kawo irin wannan tunani cikin falsafar zamani a 1969: a ce an shirya tilasta wa mutum yin wani abu in ya yi niyyar fasawa, sai ya yi shi don kansa ba tare da an taɓa shi ba. Ba shi da hanya ta biyu, amma laifin nasa ne.

Inda nake ganin ƙafarsu ba ta taka ƙasa sosai ba shi ne in an tambaya daga ina son ya fito. Yabo ga wanda ba ya iya mugunta abu ne mai sauƙin karɓa. Hukunci na har abada ga wanda tun kafin a haife shi aka tsara ba zai so nagarta ba, wannan wani abu ne daban. Manzo Bulus ya san za a yi wannan tambaya, domin shi ya kawo ta da kansa a Romawa 9:19, cewa don me Allah ke ganin laifi alhali ba mai iya tsayayya da nufinsa. Amsarsa ita ce, kai wane ne, ɗan adam, da za ka yi jayayya da Allah, sai ya kawo maginin tukwane da yumɓu. 'Yan Kalbin na cewa ga shi nan a fili. 'Yan Arminiyus kuma na cewa a duba inda Bulus ya ɗebo misalan. Yakubu da Isuwa a Farawa 25:23 al'ummai biyu ne, maganar kuwa ta rawar da kowace za ta taka ce a tarihin ceto. Maginin tukwane na Irmiya 18 kuma cewa ya yi in al'ummar da na yi wa barazana ta tuba, zan fasa. Hatta zancen Fir'auna kaifi biyu gare shi. Littafin Fitowa ya ce Allah ya taurare zuciyarsa, ya kuma ce shi ya taurare zuciyar kansa. A annobai na farko ba a ce Allah ya yi ba sai a ta shida, amma tun a 4:21, kafin Musa ya isa Masar, Allah ya ce zai yi.

Tsakanin waɗannan sansanoni wani malamin ɗariƙar Jeswit ta Katolika ɗan Sifen, Luwis de Molina, ya buɗe wata hanya a 1588, kuma ita ce ta fi ban sha'awa ko da mutum bai yarda da ita ba. Ya ce ban da sanin duk abin da zai yiwu, da sanin duk abin da zai faru, Allah na da wani sani a tsakani: ya san abin da kowane mutum zai zaɓa da kansa in aka sa shi a kowane hali, har halin da ba zai taɓa faruwa ba. Littafi Mai Tsarki na da misalin haka. A 1 Sama'ila 23 Dawuda na cikin garin Kaila, ya tambayi Ubangiji ko Saul zai zo, aka ce zai zo. Ya tambaya ko mutanen garin za su miƙa shi, aka ce za su miƙa. Sai ya kwashi mutanensa wajen 600 ya fice. Saul bai zo ba, ba a miƙa kowa ba. Abin da Allah ya faɗa bai faru ba, kuma ba ƙarya ba ne. Haka Yesu ya ce a Matiyu 11:21 da an yi mu'ujizan nan a Taya da Sidon da sun tuba tuntuni. Da irin wannan sani, in ji Molina, Allah ya zaɓi duniyar da zai halitta, ya cika nufinsa ta hanyar zaɓin da mutane suka yi da kansu.

'Yan ɗariƙar Dominik, da Domingo Banyes a gaba, suka ce wannan ya mai da Allah mai jiran abin da halitta za ta yanke. Rikicin ya kai Roma, aka kafa kwamiti, aka yi ta zama kusan shekara 10, har Fafaroma Bulus na 5 ya sallami kowa a 1607 ba tare da hukunci ba, ya hana ɓangarorin kiran juna 'yan bidi'a. Tambayar da ta fi damun wannan ra'ayi ita ce, me ya mai da irin waɗannan maganganu gaskiya? Mutumin da ba a halitta ba, a halin da bai faru ba, wane abu ne ya tsai da cewa ga abin da zai zaɓa? In halinsa ne, an koma gidan jiya. In ba kome, to mene ne ake sani? Kuma ko an ba Molina duk abin da ya nema, an gudu ne ba a tsira ba, don Allah ne dai ya zaɓi ya sa Yahuza cikin almajiran Yesu sha biyu, da jakar kuɗi a hannunsa, yana sane da abin da zai biyo.

Wasu 'yan bishara a Amurka da Kanada sun gaji da wannan duka, suka koma kusa da Sisero ta wata ƙofa. A 1994 Clark Pinnock da John Sanders da wasu uku suka fito da ra'ayin cewa gaba a buɗe take. Allah ya san duk abin da ke akwai, amma zaɓin da ba a yi ba tukuna ba wani abu ba ne da za a sani. Suna kafa hujja da wuraren da aka ce Allah ya yi baƙin ciki da ya yi mutum, da shekara 15 da aka ƙara wa Hezekiya bayan an ce masa zai mutu, da Nineba da aka ba kwana 40 sannan aka fasa. Ƙungiyar masana tauhidi ta 'yan bishara ta zartar a 2001 cewa Allah ya san gaba duka, sai dai yunƙurin korar mutanen biyu a 2003 bai yi nasara ba. Ra'ayin ya wanke Allah daga tuhuma cikin sauƙi, amma da tsada. Sau uku ɗin Bitrus na yi masa wuyar bayani, haka Ishaya 46:10 inda Allah ke bambanta kansa da gumaka da cewa shi ne mai faɗin ƙarshe tun daga farko.

Kowane ɓangare akwai abin da ya biya. Abin da ya fi jan hankalina shi ne, idan aka zo tambaya ta uku, ta alhaki, Littafi Mai Tsarki ba ya bin hanyar da masana falsafa suka bi. Ba ya tambayar ko mutum na da wata hanya a ɓoyayyen ilimin Allah. Tambayarsa ita ce me mutumin ya sani, me kuma ya nufa. Ishaya 10 ya kira Assuriya sandar fushin Allah, wadda shi ya aiko a kan mutanensa. Nan take kuma ya ce amma ba haka sarkin Assuriya ke nufi ba, abin da ke zuciyarsa hallakarwa ce, saboda haka za a hukunta shi don girman kansa. Aiki ɗaya, masu niyya biyu, kowa da tasa. Yusufu ya gaya wa 'yan'uwansa haka a Farawa 50:20: ku mugunta kuka nufa, Allah kuwa alheri ya nufa. Bitrus, wanda shi kansa annabci ya cika a kansa, ya tsaya ranar Fentikos ya ce wa taron an ba da Yesu bisa ga shirin Allah da saninsa, ku kuma kuka kashe shi. Masu sauraro ba su ce to ai ƙaddara ce ba. Tambaya suka yi me za su yi.

Ma'aunin ma hawa-hawa ne. A Luka 12:47-48 bawan da ya san nufin ubangidansa ya ƙi yi zai sha dūka da yawa, wanda bai sani ba kaɗan zai sha. Da hukunci na bin abin da ke rubuce ne kawai, da wannan bambanci bai da ma'ana. Uzurin jingina laifi ga Allah kuwa shi ne na farko da aka fara kawowa, lokacin da Adamu ya ce matar da ka ba ni ce, kuma ba a karɓa ba. Wasiƙar Yakubu 1:13-14 ta rufe ƙofar: kada wanda aka jarabta ya ce Allah ne, sha'awarsa ce ta ja shi. Akwai wani dalili mai sauƙi a ƙarƙashin wannan. Ba wanda ya taɓa yin zunubi don ya cika sanin Allah, tun da bai san abin da Allah ya sani ba. Abin da ke gabansa lokacin yanke shawara shi ne kuɗin, ko tsoron, ko fushin. Wannan bai amsa dalilin da ya sa Allah ya halicci wanda ya san zai hallaka ba. Ya dai nuna cewa mai laifin ba shi ne ke da bakin kafa hujja da hakan ba.

Akwai wani labari a Ayyukan Manzanni 27 da kowane ɓangare ke ja zuwa gefensa. Guguwa ta kama jirgin da ke kai Bulus Roma, da mutum 276 a ciki. Bulus ya tashi ya ce mala'ika ya gaya masa ba ran da zai salwanta, jirgin kaɗai za a rasa. A dare na 14 matuƙan suka saukar da ƙaramin kwalekwale da sunan za su jefa anka, alhali guduwa za su yi. Bulus ya ce wa jarumin da ke tsaronsa da sojojinsa in mutanen nan ba su tsaya cikin jirgin ba, ba za ku tsira ba. Sojoji suka yanke igiyoyin kwalekwalen. Ɗan Kalbin zai ce wanda ya ƙaddara tsirar shi ya ƙaddara gargaɗin da yanke igiyar. Ɗan Molina zai ce Allah ya san abin da sojojin za su yi in Bulus ya yi magana, shi ya sa ya yi alkawarin. Ɗan Arminiyus zai ce alkawarin ya ƙunshi abin da Allah ya riga ya gani na zaɓinsu, mai cewa gaba a buɗe take kuma zai ce sharaɗin na gaske ne, da sun gudu da an mutu. Luka, wanda ya rubuta labarin, bai faɗi wanne ne daidai ba. Ya rubuta alkawarin a aya ta 24, sharaɗin a aya ta 31, duka daga bakin mutum ɗaya, sannan ya ci gaba da labarin yadda jirgin ya farfashe a gaɓar Malta.